Bulala, Zaɓi da Alhaki: Sharhi Kan Horon Yara a Arewacin Kamaru

A watan Janairun 2023 Ma'aikatar Ilimin Sakandare ta Kamaru, ƙarƙashin minista Nalova Lyonga, ta fitar da sanarwa tana tunatar da makarantun gwamnati da masu zaman kansu cewa doka ta hana dukan ɗalibi. Maganar ba ta kwanta ba tun daga lokacin. Takan sake tashi duk sa'ad da hoton wani yaro mai shatar bulala a gadon baya ya zagaya a WhatsApp, ko aka ji labarin ɗalibin da ya ɗaga wa malaminsa hannu. A majalisun Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere tambayoyin sun wuce batun makarantar boko. Ana tambaya ko uba ma ba shi da ikon taɓa ɗansa, ana tambaya a kan malamin allo, ana kuma tambayar dalilin da zai sa hukuma ta hana abin da ake ganin addini ya yi izini da shi. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai tsohuwar mas'alar da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato da wace hujja ɗan Adam yake hukunta ɗan'uwansa, kuma ko wannan hujja tana hawa kan yaron da hankalinsa bai gama nuna ba.

## Abin da doka ta hana da abin da ta yi shiru a kai

Haramcin ba sabo ba ne. Yana cikin dokar tsara ilimi mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilun 1998, wadda sashenta na 35 ya lamunce wa ɗalibi kariyar jikinsa da mutuncinsa, ya kuma haramta azabtar da jiki da duk wani nau'in cin zarafi a makaranta, tare da nuna wariya da sayar da giya da taba da ƙwaya. Sanarwar 2023 tunatarwa ce kawai a kan dokar da ta yi kusan shekara 25 a rubuce ana taka ta.

A gida lamarin ya bambanta. Babu wani sashe na dokar Kamaru da ya fito fili ya hana iyaye dukan ladabtarwa. Sai dai kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi hukunci ga duk wanda ya ji wa wani rauni, sashensa na 350 kuma ya ƙara nauyin hukuncin idan wanda aka raunata bai kai shekara 15 ba. Uban da ya karya wa ɗansa hannu ko malamin da ya fasa wa almajiri ido ba zai fake da cewa tarbiyya yake yi ba.

Daga waje akwai yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Chadi ta amince da ita a 1990, Kamaru kuma a 1993. A 2006 kwamitin da ke bibiyar yarjejeniyar ya fassara ta da cewa ta hana kowane irin duka, komai ƙanƙantarsa, har a cikin gida. Yarjejeniyar Afirka ta 1990 ta fi sassauci a lafazinta, domin sashenta na 20 cewa ya yi a gudanar da horon gida cikin tausayi da kiyaye mutuncin yaro, sashe na 31 kuwa ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da manya. Suwidin ce ƙasar farko da ta haramta duka a gida, a 1979. A Afirka Togo ta yi haka a 2007, Kenya da Tunisiya a 2010, Benin a 2015, Afirka ta Kudu kuma ta hanyar hukuncin kotun tsarin mulki a 2019. Kamaru da Chadi da Najeriya ba sa cikin wannan jeri.

## Hukunci, horo da huce haushi

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a wannan muhawara. Hukunci shi ne wahalar da mai iko yake ɗora wa wanda ya saɓa wata ƙa'ida da ya sani. Horo, wanda malaman fiƙihu ke kira ta'adibi, mataki ne da mai reno ko mai koyarwa yake ɗauka domin halin yaro ya gyaru nan gaba. Huce haushi kuwa shi ne dukan da ya fito daga ɓacin ran babba, ko da an laƙaba masa sunan horo bayan an yi shi. A idon mai kallo ukun nan na iya zama bulala iri ɗaya, amma hujjar kowannensu daban take, na ukun ma ba shi da mai kare shi a cikin malamai ko masana.

Masu nazarin hukunci sun kawo hujjoji uku da ke halatta shi. Ta farko ita ce sakayya: wanda ya yi laifi da gangan ya cancanci a saka masa gwargwadon laifinsa, ko hakan ya amfani wani ko bai amfana ba. Bajamushen nan Immanuel Kant shi ne ya fi shahara da wannan ra'ayi a Turai. Ta biyu ita ce tsawatarwa, wato a hukunta mutum ɗaya domin shi da waɗansu su ji tsoro. Jeremy Bentham na Ingila ya ce hukunci shi kansa sharri ne, ba ya halatta sai idan zai kawar da sharrin da ya fi shi. Kafinsa, a 1764, Cesare Beccaria na Italiya ya rubuta cewa abin da ke hana laifi shi ne tabbacin za a hukunta mai yin sa, tsananin hukuncin ba shi ne kan gaba ba. Hujja ta uku ita ce gyara, wato a mayar da mai laifi mutumin kirki.

Sakayya tana duban abin da ya riga ya faru, saboda haka ba ta tsayuwa sai an tabbatar mai laifin yana da zaɓi lokacin da ya yi. Tsawatarwa da gyara suna duban abin da zai biyo baya, don haka da sakamako ake auna su: idan hukuncin bai hana ba, bai kuma gyara ba, hujjarsa ta faɗi.

## Ƙaddara da zaɓi

Idan Allah ya riga ya rubuta komai, ina laifin ɓarawo? Tambayar ta raba kan Musulmi tun ƙarni na farko da na biyu na Hijira. Jabariyya, waɗanda ake danganta ra'ayinsu ga Jahamu ɗan Safwan, sun ce bawa ba shi da wani zaɓi, tilasta masa aka yi. Ƙadariyya, da Mu'utazilawa bayansu, sun ce bawa shi ne mai samar da aikinsa, in ba haka ba azabtar da shi zai zama zalunci. Kowane ɓangare yana da ayoyin da yake riƙe da su. Suratul Kahfi ta ce wanda ya so ya yi imani, wanda ya so ya kafirta. Ƙarshen Suratut Takwir kuma ya ce ba za ku so ba sai Allah ya so.

Ahlus Sunna sun tsaya a tsakiya. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda aƙidarsa ce ta iso wannan yanki ta littattafan tauhidi irin na Sanusi da ake karantawa a zaure, ya ce Allah ne mahaliccin aiki, bawa kuma yana da kasbu, wato ya nufi aikin ya ɗauke shi da niyyarsa, a kan wannan ne ake yi masa hisabi. Misalin da malaman suka saba bayarwa shi ne bambancin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da mutum ya ɗaga da nufinsa. Dukansu motsi ne da Allah ya halitta, amma kowa yana jin bambancinsu a ransa, kuma na biyun kaɗai ake tuhuma a kai. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Da wannan ake kafa hujja cewa imani da ƙaddara bai ɗauke wa mutum nauyin abin da ya zaɓa ba.

Gardamar ta dawo da sabuwar riga a zamanin kimiyya. A 1983 Benjamin Libet ya wallafa gwajin da ya nuna cewa ƙwaƙwalwa kan fara shirin motsa yatsa kafin mutum ya ji a ransa cewa ya yanke shawarar motsawa. Waɗansu sun ɗauki wannan a matsayin dalilin cewa zaɓi ruɗi ne, kuma gado da reno da yanayi su ne ke tuƙa mutum. Waɗansu sun ce motsa yatsa a ɗakin gwaji ba ya kama da shawarar da ake kwana ana juya ta. Akasarin masana falsafa na yau sun karkata ga cewa ko da ayyuka suna da sabubba, mutum yana ɗaukar alhaki muddin yana iya fahimtar dalili, yana kuma iya kame kansa saboda wannan dalilin.

A aikace alƙali ba ya jiran a gama wannan gardama. Ko a kotun Shari'a ko a kotun gwamnati, abin da ake bincika shi ne ko mutumin ya san abin da yake yi, kuma ko yana da ikon bari. Shi ya sa duka tsarin biyu suka ɗauke alhaki daga mahaukaci da wanda aka tilasta. Wannan ma'auni yana nuna cewa zaɓi ba abu ne da ko dai akwai shi cikakke ko babu shi sam ba. Yana da matakai, yana ƙaruwa, yana raguwa.

## Zaɓin yaro

Hausawa suna da karin magana biyu da ke jan juna a nan. "Hali zanen dutse" yana nufin ɗabi'a ba ta sauyuwa, wanda idan aka bi shi zuwa ƙarshe duka ba shi da amfani ke nan. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" yana nufin ɗabi'a gina ta ake yi. Duk mai dukan yaro domin gyara ya riga ya zaɓi na biyu, ya kuma yarda cewa yaron bai gama zama abin da zai zama ba.

Shari'a ta faɗi wannan ƙarara. Hadisin da Abu Dawud da waɗansu suka ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Duk wanda ya buɗe Ahalari, ƙaramin littafin fiƙihun Malikiyya, ya san cewa da mukallafi littafin ya fara magana, wato baligi mai hankali, domin shi ne umarni da hani suka hau kansa. Idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shekara 18 ne, Shafi'iyya da Hambaliyya kuma 15. A tsakanin jarirantaka da balaga malamai sun sanya matakin tamyizi, wajen shekara bakwai, lokacin da yaro ke fara rarrabe mai kyau da mummuna. Ba a tsayar wa yaro haddi ko ƙisasi. Idan ya ɓata dukiyar wani za a biya, domin mai kaya bai kamata ya yi asara ba, amma biyan diyya ce, ba sakamakon zunubi ba.

Dokar Kamaru ta bi matakai masu kama da waɗannan. Sashe na 80 na kundin hukunta laifuka ya ce yaron da bai kai shekara 10 ba ba shi da alhakin laifi ko kaɗan. Daga 10 zuwa 14 matakan kulawa na musamman kawai za a iya ɗauka a kansa. Daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi da sassauci, cikakken alhaki kuwa sai ya cika 18. Binciken ƙwaƙwalwa ya zo da bayanin da ya dace da haka, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa mai kula da kame kai da hangen ƙarshen abu shi ne yake jinkirin nuna, ba ya kammaluwa sai an haura shekara ashirin.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjar sakayya ba ta hawa kan ƙaramin yaro. Wanda ya ce "ai shi ya jawo wa kansa" game da ɗan shekara biyar ya ɗora masa nauyin da Shari'a da dokar ƙasa duka suka ɗauke masa. Hujjar da ta rage ita ce gyara, ita kuwa da sakamakonta ake auna ta.

## Hadisin shekara goma da sharuɗɗan malamai

Babbar hujjar masu goyon bayan duka ita ce hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a buge su a kanta suna da shekara goma, a kuma raba musu shimfiɗa. Hadisi ne karɓaɓɓe a wurin malamai, kuma jumhurinsu sun fahimci halaccin dukan ladabtarwa daga gare shi. Masu taƙaita shi suna nuni da abin da ke cikinsa: shekara uku cur na umarni da koyarwa kafin a kai ga duka, shekarun da aka ambata goma ne, laifin kuma barin salla ne. Suna ƙarawa da hadisin Nana A'isha a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, da shaidar Anas ɗan Malik da ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Akwai kuma hadisin Buhari da Muslim da ya hana wuce bulala goma sai a haddi, da wanda ya hana dukan fuska.

Malaman Malikiyya na Ƙairawan, birnin da ke Tunisiya ta yau, sun yi wa mas'alar ƙa'idoji tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Muhammad ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa inda ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma kada ya yi duka don fushi. Al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya bi sahunsa, ya hana dukan kai da fuska, ya sanya nasiha da gargaɗi a gaban bulala. Fiƙihu ya kuma ɗora wa malamin da ya ƙetare iyaka har ya yi lahani lamunin abin da ya ɓata. Imam Gazali a Ihya ya ba da shawarar a kau da kai daga laifin yaro na farko idan ya yi ƙoƙarin ɓoye shi, idan ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kada kuma a yawaita zargi domin kunnensa zai saba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddima kan cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, domin tana kashe masa kuzari, tana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da zai sauka a kansa. Maganar da ake ji a bakin jama'a cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba, ba ta da tushe a ingantattun hadisai.

Maƙwabta Kiristoci, waɗanda suke da yawa a jihohi uku na arewacin Kamaru, suna da irin wannan muhawara a tsakaninsu. Masu riƙe da sanda suna karanta Karin Magana 13:24 a Littafi Mai Tsarki, masu sassauci kuma suna karanta Afisawa 6:4 da ta gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

## Abin da bincike ya nuna

Duka ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2024 cewa kusan yara miliyan 400 'yan ƙasa da shekara biyar, wato shida cikin goma a duniya, suna shan duka ko tsawa da zagi a gida. Binciken gidaje da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu fiye da kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 a wannan hali.

A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, suka taƙaita a kan duka da tafin hannu, ba azabtarwa ba. Sun samu cewa yana da alaƙa da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa, ba su kuma samu alaƙarsa da kyautatuwar hali ba. Masu suka, irin su Robert Larzelere, sun ce alaƙa ba ita ce sababi ba, domin mai yiwuwa yaron da ya fi fitina tun asali shi ne ya fi shan duka, kuma an haɗa mai duka kullum da mai yi sau ɗaya bayan gargaɗi. Wannan sukar tana da nauyi, kodayake wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2021, wanda ya duba bincike 69 da suka bi yara tsawon lokaci, ya samu cewa halin yaran da ake duka yakan ƙara lalacewa daga baya ko da an yi la'akari da yadda suke tun farko.

Ana yawan cewa binciken Turawa ne a kan 'ya'yan Turawa. Jennifer Lansford da abokan aikinta sun gwada wannan a 2005 a ƙasashe shida, har da Kenya da Indiya, suka samu cewa inda duka ya zama al'ada illarsa takan ragu, amma ba ta ɓacewa. Kowane ɓangare yana da abin ɗauka a wannan sakamako. A 2011 kuma Victoria Talwar da Kang Lee sun kwatanta yara 'yan shekara uku da huɗu a makarantu biyu na wata ƙasar Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka ɗaya ba a yi. Yaran makarantar da ake duka sun fi yin ƙarya, sun kuma fi iya tsare ƙaryar, abin da Ibn Khaldun ya faɗa shekara ɗari shida kafin nan.

Masu cewa "an doke mu muka zama mutane" suna faɗin gaskiyar abin da suka gani, sai dai shaidar ba ta rarrabe tsakanin abin da bulala ta yi da abin da kulawar iyaye da idon unguwa suka yi, kuma waɗanda duka ya kora daga karatu ba sa cikin masu ba da wannan shaida.

## Dukan da babu mai kare shi

Idan aka ɗora ma'aunin sani da iko a kan dukan da ake yi yau da kullum, mafi yawansa ba ya tsallakewa a kowane ra'ayi. Yaron da ya shiga ajin farko na firamare bai taɓa jin Faransanci ba, da Hausa ko Fulatanci ko Mafa ko Larabcin Shuwa ya tashi, idan aka doke shi don bai amsa tambaya ba an hukunta shi ne a kan abin da bai sani ba. Yarinyar da ta makara saboda layin famfo a tsakiyar rani umarnin gida ta bi. Wanda aka zane saboda kuɗin ƙungiyar iyaye, alhali tun 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, ko almajirin da bai kawo kuɗin Laraba ba, yana ɗaukar hukuncin aljihun wani. Haka 'yar talla da ciniki bai faɗa mata ba, haka mai fitsarin kwance, wanda barci ma kaɗai ya isa ya ɗauke masa alƙalami. A gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari na jihar Arewa Mai Nisa akwai yaran da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu tun 2014, waɗanda firgita da rashin natsuwa a aji alamun abin da suka gani ne.

Abin da ya rage ana saɓani a kansa ɗan kaɗan ne: yaron da ya kai wajen shekara goma, ya san ƙa'ida, yana da ikon bin ta, ya saɓa da gangan bayan nasiha da gargaɗi, sannan aka yi masa duka mara rauni, ƙidayayye, ba cikin fushi ba. Fiƙihun gargajiya ya halatta wannan ba tare da ya mai da shi hanyar farko ba, dokar 1998 ta hana shi a makaranta, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yana so a hana shi ko'ina. Hujjar masu son hanawa gaba ɗaya ita ce sharuɗɗan ba sa tsayuwa a hannun mai fushi, kuma daga uku zuwa talatin ba nisa. Hujjar masu adawa ita ce dokar da za ta mayar da akasarin iyaye masu laifi ba za ta yi aiki ba, za ta dai buɗe wa hukuma ƙofar shiga gidajen talakawa.

## Yadda abin zai shafi malami da iyaye

Malamin makaranta shi ne a tsaka mai wuya. A Arewa Mai Nisa aji mai ɗalibai fiye da ɗari ba abin mamaki ba ne, kuma da yawa daga masu koyarwa a ƙauyuka iyaye ne ke biyansu, ba su bi ta makarantar horon malamai ba. Hanyoyin da ake ba da shawara a madadin bulala, kamar kafa ƙa'ida tare da ɗalibai, yaba wa mai ƙoƙari, hana wata gata, ko sa yaro ya gyara abin da ya ɓata, suna buƙatar malami ya san kowane yaro da sunansa. Kisan da wani ɗalibi ya yi wa malamin lissafi da wuƙa a makarantar sakandare ta Nkolbisson a Yawunde ranar 14 ga Janairun 2020 ya ƙarfafa masu cewa an zare wa malami kwarjini. Sai dai da wuya a jingina wannan ga haramcin kaɗai, tunda duka bai daina ba bayan 1998, ga kuma ƙwayar tramol da ta shiga hannun matasa.

Akwai hanyoyi biyu da haramcin zai iya karkacewa. Ta farko ita ce a ajiye bulala a koma ga durƙuso a rana da tsallen kwaɗo da zagi a gaban aji. Waɗannan ma suna cikin abin da sashe na 35 ya hana, kuma durƙuso a filin makaranta a Garwa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya fi bulala uku haɗari. Ta biyu ita ce kora. Makarantar da ta ji tsoron kotu za ta fi saurin sallamar ɗalibi mai fitina, kuma a nan kora takan nufi ƙarshen karatu, namiji ya koma tuƙa babur na haya, mace ta koma talla ko a yi mata aure.

A ɓangaren iyaye, wanda ya gaji da ɗa mai shaye-shaye yakan nemi inda za a tsananta masa. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa a Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum wajen 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa, ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa idan babu mai sa ido. Al'adar "ɗa na kowa ne" ita ma tana sauyawa, domin maƙwabcin da a da yake tsawata wa yaron unguwa yanzu yana tunanin za a iya kai shi gaban jauro, wato mai unguwa, ko jandarma.

Makarantar allo ta gargajiya tana wajen tsarin da masu duba makarantu ke zagayawa, saɓanin makarantun Faransanci da Larabci da ke da rajista. A can abin da ke iyakance bulala shi ne halin malam, da idon gardawan da yakan bar wa ƙananan yara, da yarjejeniyar da ya yi da uba ranar da aka kawo yaron. Sharaɗin Ibn Sahnun na neman izinin uba kafin a wuce uku yana nufin uba yana da ikon gindaya iyaka tun ranar farko, malamin da ya karɓi yaro a kan wannan sharaɗi kuwa fiƙihun da yake karantarwa ne ya ɗaure shi. Wannan ya fi sauƙi ga yaron da ke kwana a gidan iyayensa, wanda uwa za ta ga bayansa da dare, a kan almajirin da aka kawo Marwa ko Kuseri daga wani gari mai nisa, wanda uban nasa sai bayan watanni yake jin labarinsa.